DAWO

Shafi na 11

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu aiko mini saƙo cewa na cika jan rai, na gani, kuma ban ji haushi ba. Ita kuwa wadda ta rantse in Na'ima ta sake yin kuka za ta fita daga gurup, to 'yar'uwa ki fara neman takalminki tun yanzu.

*

A durƙushe Na'ima take a tsakiyar falo, da faranti a hannu, tana lallashi kamar mai neman a sa mata hannu a takardar ƙarin girma.

"Mansura, kalli nan. Indomi ce da ƙwai. Ko cokali ɗaya, kin ji 'yar albarka?"

Yarinyar ta kalli farantin, ta kalli Na'ima, ta juyar da fuskarta bango.

"Dawo," ta ce a hankali.

Nan take idon Na'ima ya ciko.

Shekarar Mansura shida. Daga wani kangon gini a Rigachikun Na'ima ta ɗauko ta, inda mutanen da aka tasa daga ƙauyukan gabashin Sakkwato suka raɓa. Ubanta ya rasu a harin da ya tashi garinsu, uwarta kuwa tun ranar gudun ba wanda ya sake jin ɗuriyarta. Matan ofishinsu Na'ima ne suka haɗa kai, kowacce ta ɗauki yaro ɗaya ta sa shi a makaranta, kuma kakan yarinyar, Malam Ado, da bakinsa ya amince.

Yaran da sauran matan suka ɗauka har sun fara kumatu, kullum ana turo hotonsu a gurup suna share tuwo. Ta Na'ima ce kaɗai ta ƙi. Ruwa take sha, sai shayi kurɓi biyu, sai 'yar gyaɗa in an yi sa'a. Ranar da aka kawo ta an tambaye ta sunanta, ta ce, "Mi?" Maigidan ya yi dariya, yaran maƙwabta suka ɗauka. Daga nan ta kulle bakinta, kalma ɗaya ta bari a waje.

Ita kuma Na'ima ta taɓa zuwa wani taron bita na ofis a kan yaran da suka ga tashin hankali, kuma tun daga ranar gidan nan bai sake hutawa ba. A can aka ce musu irin waɗannan yara sukan riƙe kalma ɗaya, sunan abin da suka rasa. Don haka da jin "dawo" na farko ta dafe ƙirji ta yanke hukunci: uwarta take kira ta dawo. Ta faɗa wa mijinta, ta faɗa wa maƙwabta, ta yi saƙon murya mai tsawo a gurup har mata suna turo alamar hawaye. Kuma duk wanda ya san Na'ima ya san in ta riga ta fassara abu, kunnenka ma ba zai sake ji maka wani abu daban ba.

Balarabe, mijin nata, yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa mukullin mota.

"Maman Umaima, mun fa gama magana. Na kira Malam Ado, yana hanya. Ki dubi wuyan yarinyar nan. In wani abu ya same ta a hannunmu, me za mu ce wa mutane?"

"Abban Umaima, jibi za ta fara makaranta. Na ɗinka mata yunifom, an ba ta aji. Gadon Umaima ne ga shi nan ba kowa tunda ta tafi makarantar kwana. In ta koma kangon can da ko ƙyaure babu, wane karatu za ta yi?"

"Sai tana da rai za ta yi karatun ai."

"Ci gaba fa ake samu. Ka ga zanen da ta yi?"

Ta nuna masa takardar da ta manna a jikin firij. Ta ba yarinyar fensir mai launi kamar yadda aka koyar a bita, ita kuma ta zana wani babban rabin da'ira da ƙananan dunƙule-dunƙule a ciki.

"Wannan gidansu ne, waɗannan kuma kawunan 'yan'uwanta. Ka ga ba ta yi musu ido ba? Ma'anarsa ba ta ganin su."

"Ni dai ƙwai a kwano na gani. Kuma ko ba don ni ba, Hajiya ma ta ce a mayar da ita."

To nan ne gizon yake saƙa. Hajiya Rabi, mahaifiyar Balarabe, a sashenta take a cikin gidan, kuma in ta ce a'a to ɗanta ba ya ƙara wasali. Bakanuwa ce ta cikin badala, haka take gabatar da kanta ko ba a tambaye ta ba. Ita ce uwar ƙungiyar matan Kanawa ta nan Unguwar Kanawa, ita ce mai gyara wa mutane Hausa a gidan suna. Tun ranar da Mansura ta ce "mi" Hajiya ta tattara carbinta ta shige ɗaki, ba ta sake yarda sun haɗa ido da yarinyar ba.

"Ka ba ni dama ɗaya kafin ya iso," in ji Na'ima. "A bita an koya mana…"

"Innalillahi. Bita kuma."

Ba ta saurare shi ba. Ta shiga ɗaki ta cire doguwar rigarta, ta ɗauro wani tsohon zanen atamfa, ta ɗaura kallabi irin na matan karkara, ta cire takalmi. Ta fita har waje ta ja ƙofa. Sai ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama da siririyar murya, ta shigo ta ware hannuwa.

"Mansura, ga ni. Na dawo."

Yarinyar ta zabura ta miƙe. Idanunta suka buɗe, karo na farko tun zuwanta gidan, ta taho da gudu.

Zuciyar Na'ima kamar ta fashe don daɗi.

Mansura ta kamo hannunta na dama ta buɗe. Babu komai. Ta kamo na hagu ta buɗe. Ta zagaya bayanta ta duba, ta ɗaga gefen kallabin ta leƙa. Sai ta ɗago ta yi wa Na'ima irin kallon da ake yi wa babba in ya yi ƙarya, ta koma kusurwarta ta fashe da kukan da ya fi na kullum.

"Ka gani?" Na'ima ta ce tana share hawaye. "Ƙamshin uwarta take nema a tafin hannuna."

"Ni gani na yi kamar ana cajin ki a bakin ƙofar banki."

"Ko kuma namiji take kira. Wataƙila ubanta ne. Abban Umaima, fita ka dawo."

"Wa? Ni?"

"Don Allah. Sau ɗaya."

Jama'a, Balarabe fa mataimakin darakta ne, a ofis sai an nemi izini ake ganin sa. Amma haka ya fita yana ƙunƙuni, ya tsaya a waje mai shagon ƙofar gidan yana kallon sa, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa da kansa, ya shigo fuska a murtuke.

"To, na dawo."

Mansura ta tsagaita. Ta zo ta zura hannu a aljihunsa na dama, ta zaro hankici. Ta zura a na hagu, ta zaro tsinken sakace. Ta mayar masa da kayansa, ta ja tsaki irin na manyan mata, ta koma ta zauna.

"Shi ke nan," in ji Balarabe. "An yi da ni an gama. Haɗa mata kayanta."

Na'ima ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji motsi ta ƙofar baya, wajen kicin. Ta leƙa.

Hajiya ce take tafe saɗaf-saɗaf a jikin bango, cikin wani zurmemen hijabi, gabanta ya yi tudu kamar mai tsohon ciki.

Na'ima ta san wannan tafiyar. Likita ya hana Hajiya fura saboda ciwon suga, kuma da can hanin bai dame ta ba, don cewa take fura abincin masu dawowa daga gona ne. Sai kwanan nan, haka kawai, ta tsiri kwaɗayinta. Na'ima ta taɓa kama furar a ƙarƙashin gado, ta sake kama ta a cikin fulas ɗin shayi, duk ta kwashe ta ba mai shago. Har Bafulatanar da take wucewa ta layin da tallan fura sai da Na'ima ta tare ta gargaɗe ta.

Ta fito ta ɗan russuna.

"Hajiya, barka da hantsi. Mene ne a cikin hijabin?"

"Cikina ne."

"Da safe bai kai haka ba."

"To kumburi ya yi. Ke likita ce?"

"Hajiya, don girman Allah. Kin san abin da ya faru da azumi da sugan nan ya hau."

"Ke Na'ima, ki fita daga idona. Shekarata nawa a duniya da za ki riƙa bin hijabina da bincike? Matsa mini in wuce."

"Ina za ki? Ɗakinki ai can baya yake, nan hanyar falo ce."

Hajiya ta yi wuƙi-wuƙi.

"Ɗana zan gani. Ko shi ma likita ya hana?"

Balarabe ya fito jin hayaniya.

"Hajiya, in fura ce ki ba ni. Lafiyarki muke ji."

"Kai kuma rufe mini baki, ɗan bin mata."

Ya miƙa hannu a hankali. Ta ja da baya. Dunduniyarta ta taka bakin hijabin, ta yi taga-taga, ya yi maza ya tare ta. Ita dai ba ta faɗi ba, amma murfin kwano ya fara faɗowa, ya yi ta ƙara a kan tayil. Sai ga dunƙulen fura suna zubowa daga ƙarƙashin hijabi, wannan ya yi kicin, wannan ya shige bayan firij. Guda ɗaya ya miƙe sambal ya bi ta ƙofar falo, ya gangara, bai tsaya ko'ina ba sai a gaban ƙafar Mansura.



Yarinyar ta kalli abin da ke gabanta. Ta sa hannu biyu ta ɗauka kamar wadda ta tsinci ƙwan zabuwa, ta ɗaga sama, fuskarta ta washe har ana ganin giɓinta.

"Dawo!"

Na'ima ta dafa bango.

To masu karatu, bari in taimaka wa irin su Na'ima da aka haifa a Kaduna aka yi boko a Kaduna. A can yammacin ƙasar Hausa, dunƙulen fura kafin a dama shi sunansa dawo. Ba a jan "da" ɗin, a gajarce ake faɗa. Kuma a gajarcen Mansura take ta faɗa tun zuwanta. Na'ima ce da kanta ta kama kalmar ta ja ta, ta ja ta, har ta mayar da ita labarin tausayi.

Mansura ta kai dunƙulen baki za ta gatsa da ƙurarsa da komai.

"Ke ɗiyag ga, aje! Wa yac ce maki ana cin dawo hakanan awa akuya? Taho a dama maki, ɗauko luddai."

Na'ima ta waiwaya ta ga wace baƙuwa ce ta shigo. Babu baƙuwa. Hajiya ce tsaye, hannunta a miƙe, bakinta a buɗe, da alama ita ma ba ta san da fitar maganar ba.

Balarabe ya sake ta a hankali.

"Hajiya… wace Hausa ce wannan?"

"Wacce?"

"Wadda kika yi yanzu."

"Ni ban yi komai ba. A rediyo nake ji suna yi."

"Rediyonki ai tun azumi ya lalace."

"To a rediyon maƙwabta. Kai ɗan sanda ne? Ba ni wuri."

Ta haɗe rai ta wuce su ta shiga falo, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Sai ta fara fito da kaya daga cikin hijabin. Ga ragowar furar a kwano, ga nono a gora, ga 'yar ƙwarya, ga ludayin duma. Ashe shago guda ta ɗauko.

Na'ima ba ta taɓa ganin surukarta ta dama ko koko ba, kullum cewa take hannunta yana ciwo. Amma yau hannun nan juyawa yake kamar inji, tana murza dunƙulen da bayan ludayi, tana tsiyaya nono kaɗan-kaɗan, ko gudaji ɗaya bai tsira ba. Mansura ta matso har gwiwarsu tana gogar juna.

"Amshi. Yi bisimilla."

Yarinyar ta kafa kai. Ba ka jin komai a falon sai ƙarar haɗiya. Da ta ɗago, ga farin gashin baki na nono, sai bakin da ya yi kwana da kwanaki a kulle ya ɓalle kamar famfon da aka gyara.

"Inna na saka mani tukkuɗi. Ke kin iya awa Inna. Waccan ba ta iya komi ba, tsutsa taka ba ni."

"Wace tsutsa?" Na'ima ta tambaya da sanyin murya.

"Indominki take nufi," in ji Hajiya ba tare da ta ɗago ba.

Balarabe ya juya ya kalli zanen da ke jikin firij. Ya kalli ƙwaryar. Ya sake kallon zanen. Sai ya zauna a hannun kujera ya riƙe ciki.

"Maman Umaima… kawunan 'yan'uwanta… ba ta yi musu ido ba…"

"Abban Umaima, ya isa."

"Kuma kika sa na fita na dawo. Mai shago yana kallo na."

Kunya ta rufe Na'ima har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta tuna saƙon muryar nan da ta tura gurup, wanda aka yi ta yaɗawa har wata ƙawarta ta Abuja ta kira tana kuka. Ta tuna furar da ta yi ta ƙwacewa tana ba mai shago, mutumin har ya fara sheƙi, ita kuma yarinya tana falo tana ramewa. Amma a ƙarƙashin kunyar wani farin ciki ne yake tasowa, don ga Mansura tana sha, kuma wannan ya fi mata komai.

Yarinyar ta sha rabi, ta tsaya. Ta ɗauki faifan da ke gefe ta rufe ƙwaryar da kyau, ta tura ta ƙarƙashin kujera.

"Shanye mana," in ji Balarabe yana share hawayen dariya. "Akwai wata."

Ta girgiza kai.

"Wagga ta Inna ta. A aje mata, in ta dawo."

Wannan karon ta ja "da" ɗin, har Na'ima ma ta ji bambancin.

Dariyar Balarabe ta tsaya. Ya miƙe ya yi gyaran murya, ya ce kamar ya ji tsayuwar keke a waje, ya fita ba tare da ya kalli kowa ba.

Na'ima ta zauna a ƙasa kusa da surukarta. Ta sassauta murya.

"Hajiya, tun ranar farko kin san abin da take cewa."

Hajiya tana goge ludayi da bakin hijabi.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In ce miki a ina na sani?"



"Da marigayi ya ɗauko ni daga ƙasar Sakkwato ya kawo ni garin nan ina amarya, yana malamin gona," in ji Hajiya, idonta a kan ludayin, "sau ɗaya na ce 'mi' a bakin famfo. Sau ɗaya. Aka sa mini suna Mi-yah-hwaru. Yara suna bi na da shi har kasuwa. Na daina magana a waje, na zauna bayan ƙyaure ina sauraren matan Kanawa ina maimaitawa, har na fi su iyawa. Da muka tashi muka dawo unguwar nan, na ce daga Kano nake. Ban sake waiwayar gida ba, don kada su zo su yi magana a ji."

"Shi ya sa kika ce a mayar da ita?"

"Ɗan da na haifa da cikina ne ya fara yi mata dariya, a gabana. Na ce gara ta koma inda za ta buɗe baki ba a sa mata suna ba." Ta ɗago ta zare ido. "Kuma wallahi in maganar nan ta fita daga falon nan, ban yafe miki ba. Musamman wannan wayar taki."

Na'ima ta ɓoye wayar a bayanta, don ta tuna wani abu. Da sassafe, cikin kuka, ta tura saƙo cewa yau za a mayar da Mansura, duk mai son yi mata sallama ya zo.

Kuma sun zo.

Ta leƙa ta labule ta ga tsakar gida ta cika. Ga matan layi, ga na ofis, ga manyan 'yan ƙungiyar matan Kanawa da mayafansu masu duwatsu, kowacce da 'yar ledar biskit. A tsakiyarsu wani dogon tsoho ne siriri da rawani ya sha rana, yana dogare da sanda. Malam Ado ke nan.

Na'ima ta fita da sauri ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, albishirinka. Ta ci abinci. Ashe dawo take so, fura. Mu ne ba mu gane ba."

Wata daga cikin matan ofis ta ce, "Fura? Ba uwarta ba?" Na'ima ta yi kamar ba ta ji ba.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya jinjina kai.

"Alhamdu lillahi. Kun yi ƙoƙari, Allah shi saka da alheri. Amma ɗiyata, in tahi da ita shi yaf hi."

"Baba, ta fa ci."

"Yau kun gane guda. Dawo kaɗai, sai da tak kusa mutuwa da yunwa cikin gida mai hirij. Gobe in tac ce wani wuri na mata ciwo da halshenmu, wa ka ji? Kuma an hwaɗa mani in ta yi magana dariya a ka mata."

Balarabe ya sunkuyar da kai.

"Baba, wannan laifina ne, kuma ba za a sake ba. Ga makaranta jibi."

"Makarantar ma dariyar za su yi. Can kangon ba mu da komi, amma in ta yi kuka mun san mi taka cewa. Gidan ga ba mai jin maganatta. Ku hiddo mani jikata."

 Duk bitar da Na'ima ta taɓa zuwa ba wadda ta koya mata amsar wannan, kuma ta san tsohon gaskiya ya faɗa. Hawayen da suka zubo mata yanzu ba irin na gurup ba ne.

Ta koma falo. Mansura ta ji muryar kakanta, amma ba ta tashi ba. Hannunta ɗaya yana riƙe da ƙwaryar Inna, ɗayan ya damƙe hijabin Hajiya gam.

"Kaka," ta ce wa Hajiya, "in nit tahi, can akwai wadda ta iya damu awa ke?"

Hajiya ta ɗago kai. Ta kalli labule. Ta bayansa ana jiyo muryoyin ƙawayenta na ƙungiya, waɗanda ta yi shekara da shekaru tana gyara wa Hausa, wata tana cewa ai gara ma a mayar da ita, Hajiya Rabi ba ta son ƙauyanci a gidanta.

Na'ima ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinyar.

"Bar ta," in ji Hajiya.

Ta dafa kujera ta miƙe. Ta gyara hijabinta, ta kama hannun Mansura, ta ɗaga labulen da kanta ta fita.

Matan suka fara, "Hajiya, barka da…"

Ko kallon su ba ta yi ba. Ta tsaya a gaban tsohon, ta buɗe murya yadda har mai shago zai ji.

"Malam, ba inda za ta. Wa yac ce maka gidan ga ba mai jin maganatta? Ga ni. Abin dut da tac ce ni ka ji, kuma wanda yas sake yi mata dariya, ko ɗana na, shi da ni na. Jibi ni ka kai ta makaranta da ƙahwata."

Ledar biskit ta suɓuce daga hannun ma'ajiyar ƙungiya.

Malam Ado ya zuba mata ido. Tun daga kalmar farko ya daina sauraren maganar, muryar yake saurare. Ya matso taku ɗaya, ya kare ido da tafin hannu yana duban fuskarta.

"Tumba?" ya ce. "Tumba ta gidan Maƙera na garinmu? Ke ta?"